Ɗan Maus na Sabuwa

Ba fuskar Mas'udu Hamida ta fara gani ba, maus ɗinsa ta fara gani. Daga aljihun kaftani ya zaro shi, wayarsa a nannaɗe, ya warware ta a hankali, har da shimfiɗa masa 'yar tabarmarsa a gefen kwamfuta. Tun daga nan ta gama yanke masa hukunci.

A ofishin wani kamfanin taki da iri ne da ke Sheme, inda ma'aikata ke haɗuwa farkon kowane wata. Kamfanin da manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yake hulɗa. Sunan kowane manomi, da gonarsa, da irin da ya shuka, duk suna cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, tana can Legas a wani ɗaki mai sanyi. Hamida ce mai kula da wannan rumbun bayanai. Ba ta taɓa ganin sabar da idonta ba, amma daga ɗakinta a Ƙanƙara take shiga cikinta, ta share, ta gyara, ta kulle, kamar mace da kicin ɗinta.

Manaja ya ce, "Hamida, ga abokin aiki an kawo maki, Mas'udu daga Sabuwa. Aikin ya yi maki yawa."

"Ni ban ce ya yi mani yawa ba."

Raini a gidan Alhaji Gide, mahaifin Hamida, gado ne. Uban, babban dillalin hatsi a kasuwar Ƙanƙara, yakan damƙi masara a tafin hannu, ya dube ta, ya dubi mai ita, ya mayar cikin buhu bai ce uffan ba, mutum ya koma gida yana jin haushin gonarsa. To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Yar ta ɗauko wannan kallon sak, sai dai ita ba masara take yi wa ba. A wurinta masu irin aikinta kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke buɗe baƙin allo su rubuta wa saba umarni da yatsunsu, akwai kuma 'yan dangwale, masu laluben hotuna da maus, danna nan, danna can, kamar mai zaɓen atamfa a waya.

Ta nuna abin da haɓa. "Da wannan za ka shiga sabata?"

Mas'udu ya yi murmushi. Dogo ne, baƙi, mai sanyin murya, da 'yar wushirya da Hamida ta ƙi yarda ta gani. "Da shi na saba, Malama. Ina da manhajar da ke shimfiɗa mani komi a fili. Ni in ban ga abu da ido ba, hankalina bai kwanciya."

"Yaran firamare ma sai da hoto suke gane karatu."

Ofis ya ɗauki dariya. Shi ma ya taya su, abin da ya ƙara mata haushi, don mai raini ba abin da ya tsana kamar ya yi jifa a ƙi cewa wayyo.

Ba a jima ba hadari ya taso, sabis ya ɗauke kamar yadda ya saba. Allon Mas'udu ya daskare, kibiyar ta tsaya cak, ya yi ta jan maus a kan tabarma kamar mai guga. Hamida ta jingina da kujera tana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Da sabis ya dawo, shi ya koma farko, ita kuwa ta buga kalma biyu, sai ga aikinta ya bayyana, har ya ci rabi.

Ya leƙo da mamaki. "Naki bai yanke ba?"

"Ni na yanke, aikin bai yanke ba. Sunan manhajar da ke riƙe mani shi tmux. A can cikin saba tagar da nake rubutu a kai ke zaune, ko rijiya na faɗa aikin zai ci gaba. In na dawo in shiga ta ƙofar sirri, SSH, da makullina, in iske shi inda ya kai."

"Don Allah ki koya mani."

"Ka fara yaye kanka daga wancan abin tukuna, Ɗan maus."

Sunan da ya bi shi ke nan.

Manaja ne ya tilasta mata koyarwar, ba don ta so ba. Da yake ita tana Ƙanƙara shi yana Sabuwa, hanya kuma ba wadda ake bi don marmari ba ce, sai ta buɗe musu taga guda a cikin saba, wadda mutum biyu ke iya zama a kanta lokaci ɗaya. Abin da ya rubuta tana gani, abin da ta rubuta yana gani, harafi bayan harafi. In magana za su yi ba umarni ba, sai su fara da alamar #, don kada saba ta zaci da ita ake.

Ta sha shi da baƙar magana a wannan taga. In ya yi kuskure ta rubuta, "# Wa ya ba ka takardar digiri, in je in yi mashi jaje?" In ya yi daidai ta rubuta, "# Ko makaho wata rana yakan taka kuɗi." Shi kuwa kullum da safe, kafin ya taɓa komai, sai ya rubuta, "# Malama, an tashi lafiya? Ya su Hajiya?" Tun tana share gaisuwar har ta fara amsawa. Daga baya ma, ranar da sabis ɗin Sabuwa ya makara, sai ta tsinci kanta zaune tana kallon ɗan farin ɗigon da ke ƙyaftawa, tana jin haushin da ba ta san na mene ne ba.

Wata rana ta rubuta masa cewa za ta yi sallar la'asar. Ta idar da wuri, ta dawo ta zauna ba ta taɓa komai ba. Sai ga haruffa suna fitowa a hankali.

"# Hamida, tun ranar Sheme"

Aka goge.

"# Malama, don Allah in tambaya, akwai wanda"

Aka sake gogewa. Shiru. Ɗigon na ta ƙyaftawa.

"# Ina son ki"

Wannan ya daɗe a kan allo. Hamida ta dafe ƙirji, ta ji zuciyarta na bugu kamar ana sussuka a maƙwabta. Sai ta ga ana cinye haruffan ɗaya bayan ɗaya daga ƙarshe, har layin ya koma wayam. A madadinsu ya rubuta, "# Na duba ajiyar bayanan jiya, lafiya lau take."

Ta jawo kwamfutar.

"# Ɗan maus. Wanda ke zaune a tagar nan yana ganin har abin da aka goge."

Nan take ya fice daga tagar. Can sai wayarta ta yi ƙara.

"Kunya ta kashe wani bawan Allah a Sabuwa, a zo a yi jana'iza. Amma tunda kin gani, ba zan ƙaryata yatsuna ba. Abin da na goge shi ne gaskiyar, abin da na bari aiki ne kawai."

Ta amsa, "Rubutunka kamar tafiyar hawainiya. Sai da na ƙosa kafin ka kai ƙarshe."

"Ashe kin ƙosa ki ga ƙarshen, Gimbiyar baƙin allo?"

Ta ajiye wayar. Amma da mahaifiyarta Hajiya Fatsuma ta leƙo ta ce a zo a tankaɗe gari, ta tarar da ita ta kifa kai a filo tana dariya ita kaɗai.

Damina ta yi nisa, soyayya ta yi nisa tare da ita. Bakin Hamida bai canja ba, amma yanzu in ta yi masa gatse, ƙarshensa da zuma. Shi ya koyi baƙin allo daidai gwargwado don ya faranta mata, sai dai bai yar da maus ɗinsa ba, in aiki mai haɗari ne can yake komawa.

"Hamidata, yau na ga masarar bayan gidanmu ta yi goyo, sai na ce ina ma kina nan ki raina ta."

"Turo hotonta in gani. In ta yi kama da aikinka, ka sa a sare."

"To in ta yi kama da mai rainin fa?"

"Ka sa mata taki, ka yi mata shinge, kada ka bar kowa ya raɓe ta."

"An gama, ranki shi daɗe."

Da kaka ta gabato, Mas'udu ya turo ƙanen mahaifinsa, Malam Nata'ala, ya nema masa iso wurin Alhaji Gide. Dattijon ya zo a kan babur, rigarsa fes, da ƙullin goro. Hamida na bayan labulen falo, kunnenta a waje.

Alhaji Gide ya ce, "Mi yaron ke yi?"

"Ai aikinsu guda da ɗiyar taka, Alhaji."

"A'a, Malam, kada mu haɗa. Ɗiyata ita ke riƙe da kamfanin. Shi na ji an ce ɗan taya aiki ne." Ya juya goron a hannu kamar yadda yake juya masara. "Ɗiyar da na kai jami'a, in ɗauka in kai Sabuwa, inda sai an hau tudu ake jin waya? Ku dai sha ruwa ku kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba. Akwai maganar Shamsu, ɗan aminina, yaro da tirelolinshi."

Malam Nata'ala ya tashi da mutuncinsa, ya ce Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri. Goron a nan tabarma ya bar shi.

Hamida ta yi kuka, amma ba kukan kaɗai ya dame ta ba. Labari ya zaga dangi cewa 'yar Alhaji mai ji da kai, wadda ta kori injiniya ta kori likita, ta ƙare a kan yaron aikinta. Wannan ya fi komai ci mata rai. Mai raini yakan jure yunwa, ya jure zazzaɓi, amma ba ya jure a raina shi.

Washegari da hantsi suna cikin aiki ita da Mas'udu a tagarsu, sai ƙawarta Hussaina, wadda ke aure a Kaduna, ta faɗo mata ta WhatsApp a kan kwamfutar.

"Ke, wai da gaske ne? Duk jan ajin nan a kan ɗan Sabuwa mai maus za ki sauke? Wallahi na yi dariya har da hawaye."

Jinin Alhaji Gide da ke jikinta ya motsa. Daidai lokacin Hajiya ta ƙwala mata kira daga tsakar gida, ta waiga tana amsawa, yatsunta kuwa suna ta gudu, don tana alfahari da cewa ita ba ta duban allo in tana rubutu. Ta gama, ta buga babban maɓalli, ta juyo.

Ba a wurin Hussaina maganar ta sauka ba. Tana nan fara tas a kan baƙin allo.

"Allah shi kiyaye. Mutumin da sai da hoto yake gane aiki kamar ɗan firamare, ɗan ƙauye da shi. Tausayinshi kawai nake ji, ina rage zaman kaɗaici."

A ƙasa saba ta amsa da cewa ba ta san wannan umarni ba.

Ta share allon da sauri, alhali ita da bakinta ta koya masa cewa sharewa ba ta hana gani. Ɗigon ya yi ta ƙyaftawa. Sannan haruffa suka fito, a hankali kamar kullum, kuma wannan karon ba a goge ko ɗaya ba.

"# Na gani. Abin da Alhaji ya faɗa jiya bai yi mani zafi ba, don bai san ni ba. Allah shi ba ki wanda ya kai."

Ya fita.

Magana zarar bunu ce. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta tura saƙo cewa kuskuren taga ne, ya amsa da layi ɗaya: "Tagar ce kuskure, Malama, ba maganar ba." Daga ranar bai sake shiga tagarsu ba. Aikinsa yana yi tsaf ta manhajarsa, tana ganin sawunsa a cikin saba kowace safiya, ya shiga, ya duba ajiya, ya fita, kamar maƙwabcin da ke wucewa ta ƙofar gidanka ba sallama. Ita kuwa ta kasa rufe tagar. Ta bar ta a buɗe da layinsa na ƙarshe a jiki, kullum sai ta shiga ta karanta.

Sai manaja ya kira ta. "Mas'udu ya nemi a mayar da shi ofishin Zariya. Taron wata mai zuwa shi ne na ƙarshe gare shi a Sheme. Wai mi ya haɗa ku?"

"Ba komi," in ji ta. Ta ajiye wayar ta shiga ɗaki, ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Ana cikin haka Shamsu ya zo gaisuwa. Tun daga ƙofar gida turarensa ya yi sallama kafin shi. Ya zauna a falo ya ɗora makullin mota a gwiwa inda kowa zai gani, ya yi ta ba Alhaji labarin tayoyi da kuɗin mai. Aka kira Hamida ta zo ta gaishe shi. Ta durƙusa ke nan sai wayarta ta ɗauki kukan da saba ke yi in wuri ya kusa cika mata. Ta nemi izini, ta ɗauko kwamfuta, ta zauna a gefe ta shiga gyara.

Shamsu ya leƙa, ya tuntsire da dariya. "Baba, wannan wasan yaran duk zai ƙare in ta shiga gidana. Talabijin ba hoto ba murya, mi ake ci da shi? In latse-latse take so, in sai mata babbar waya ta riƙa kallon fim."

Yatsun Hamida suka tsaya. Wasan yara. Ta ji kalmar ta shige ta har ƙashi, kuma abin da ya fi ƙona ta shi ne ta san muryar. Irin tata ce, da dariyar da komai.

Alhaji Gide bai yi dariya ba. Shamsu bai san cewa shanun huɗar gonar Pauwa, bijimai biyu da Alhaji ke ji da su kamar 'ya'ya, su aka sayar shekarar da Hamida ta shiga jami'a ba. Bai san cewa a rumfar kasuwa, duk wanda ya zauna sai Alhaji ya ba shi labarin 'yarsa da ke juya injin Legas daga kan tabarma ba. Dattijon ya dube shi tun daga hula har takalmi, kallon masarar da ƙwari suka ci.

"Shamsu, ka iya karanta abin da ke jikin allon can?"

"A'a, Baba, ai ni..."

"To. Ka gaida mani babanka."

Da ƙarar motar ta ɓace, Alhaji ya yi tsaki mai tsawo, ya ce tirela ma ai jaki ce mai taya, ya shige turakarsa.

Hajiya Fatsuma ta samu 'yarta a ɗaki tana hawaye. Ta san komai, don Hamida ta faɗa mata tun ranar da abin ya faru. Ba ta lallashe ta ba.

"Ya kika ji a jikinki? Da daɗi?"

"Hajiya, don Allah."

"Haka shi ma ɗan mutane ya ji, kuma shi daga bakin wadda yake so. Ke da ubanki bakinku guda. Shi ya samu mai haƙuri ya tsufa da nashi. Ke in ba ki yi hankali ba, ke ɗai za ki tsufa da naki, ke da wannan baƙin allon."

Ranar kasuwa Hamida ta saka hijabi ta nufi shagon kayan waya. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, ta tambayi caja, ta tambayi batir, sannan ta yi ƙasa da murya ta ce a ba ta maus. Mai shagon ya ce wane iri. Ta ce ita ina ta sani.

A taron Sheme ofis ya cika, har da waɗanda suka yi dariya ranar farko. Mas'udu na zaune can ƙarshen tebur, ya rame kaɗan. Ya gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa, ya mayar da ido kan aikinsa. Hamida ta ɗauki kwamfutarta, ta ratsa mutane, ta ja kujerar da ke kusa da shi. Ta buɗe jaka, ta fito da maus sabo fil a ledarsa, ta yage ledar da ƙara yadda kowa zai ji, ta soka.

Wani ya ce, "La ilaha illallahu, yau ga abin kallo."

Ta ce, "Malam Mas'udu, a gaban mutanen nan na fara raina ka, shi ya sa na zo gabansu. Ban iya manhajarka ba. Ban taɓa buɗe ta ba ma, na dai raina ta ne daga nesa. Ka koya mani."

Ya dubi sabon maus ɗin. Sannan ya turo mata 'yar tabarmar maus ɗinsa.

Abin dariya, gwanar baƙin allo ta kasa saita kibiya. Ta danna inda ba a ce ba, ta buɗe abu uku a lokaci ɗaya, ta yi tsaki, ta tuna inda take ta haɗiye sauran. Ya nuna mata yadda ya shafa wa sabar gwaji kore, sabar gaske kuma ja, don kada ido ya ruɗe. Ya ce ta gwada goge wani layi a ta gwajin. Ta danna. Sai wani ɗan akwati ya fito tsakiyar allo yana tambaya ko ta tabbata.

"Kin ga abin da ya sa ban rabu da shi ba," in ji Mas'udu a hankali. "Na san kaina, ina da gaggawar hannu. Wannan kafin shi aikata sai ya tsaya ya tambaye ni. Naki ya fi sauri, ban musa ba. Amma da kin buga, ya tafi."

Hawaye suka zubo mata, ba ta damu da masu kallo ba. "Ya tafi kam. Mas'udu, abin da na rubuta ƙarya ce, girman kai ne ya rubuta. Tsoro na ji a yi mani dariya, sai na sayar da kai. Ka yafe mani. Kada ka tafi Zariya."

Manaja ya yi gyaran murya, ya ce kowa ya fito a duba buhunan da aka sauke. Aka fita ana waige.

Mas'udu ya dube ta sosai, karo na farko a ranar. "Hamida, ni ɗan Sabuwa ne, kuma can zan zauna. Maus ɗina ba zan yar ba. Ƙawayenki za su yi dariya, dangi za su yi. Ba na son ki amsa da sauri." Ya nuna ɗan akwatin da ke tsakiyar allo. "Kin tabbata?"

Ta share fuska da gefen hijabi. Ta yi abin da ba ta saba ba, ta tsaya ta yi tunani kafin ta buɗe baki.

"Na tabbata, Ɗan maus ɗina."

Wushiryar ta bayyana. Wannan karon ta yarda ta gani.

Saura Alhaji. Hajiya Fatsuma ce ta ci ƙarfin wannan aiki, da tuwo mai kyau da magana kaɗan-kaɗan, har ya ce a kira masa yaron shi gan shi da idonsa. Mas'udu ya zo ya durƙusa a bakin tabarma. Alhaji ya yi masa kallon nan, ya daɗe yana yi.

"Kai ma in an ba ka, hana ta aikin za ka yi?"

"Baba, ai ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. In ta bari, ni zan fara shan wuya."

"Ƙwarai ta fi ka." Alhaji ya gyara zama, ransa ya yi fari amma fuskar ta ƙi nunawa. "To, aƙalla kai ka san matsayinka, ba kamar wani mai jakin ƙarfe ba. Ka ce ma Malam Nata'ala shi dawo. Goron da ya bari ya bushe, shi zo da sabo."

Da Malam Nata'ala ya dawo, Alhaji da kansa ya fito har ƙofar gida ya riƙe masa babur. Ba a taɓa jin ya ba wani haƙuri ba, ranar ma ba a ji ba, amma wanda ya san shi ya san abin da riƙe babur ɗin ke nufi.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a Ƙanƙara. Hussaina ta zo daga Kaduna, ta ga ango, ta ce ai ita dama wasa take yi, Hamida ta buɗe baki za ta yanka mata ɗaya, sai ta rufe, ta miƙa mata alkaki. Da za a tafi da amarya, Alhaji Gide ya dafa kanta, idonsa ya yi ja, ya ce Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a ɗayyiba, shi sa su ɗauko ƙwaƙwalwar uwarsu da halin ubansu. Hajiya ta ce amin da ƙarfi, musamman a kan na biyun.

A Sabuwa, ɗakin da ya fi samun sabis suka mayar wurin aiki, tebur ɗaya, kwamfuta biyu, maus biyu. Ranar da suka koma bakin aiki bayan biki, Hamida ta shiga tsohuwar tagarsu, wadda ba ta taɓa rufewa ba. Layinsa na ƙarshe na nan, yana roƙa mata wanda ya kai. Mas'udu na zaune kusa da ita, kafaɗa na gogar kafaɗa, amma sai ya jawo tasa kwamfutar ya shigo.

Ta rubuta a ƙarƙashin layin, tana duban allo wannan karon, tana karanta kowane harafi kafin ta buga.

"# Addu'arka ta karɓu. Ya ba ni wanda ya fi ni."

Allah Ya bar su tare, Ya sanya albarka a gidan, Ya kuma kama mana harsunanmu kafin su yi mana ɓarna.